Ai Ba Mai Kake Sha Ba

Ranar 29 ga Mayun 2023, da Shugaba Tinubu ya tsaya a Abuja ya ce tallafin mai ya tafi, ashe har da babur ɗina zai tafi. Litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta tsallake 1,000. Ni malamin firamare ne, ina zaune a Rawayau cikin ƙaramar hukumar Kurfi, makarantar da nake koyarwa kuma tana wani ƙauye a hayin ƙorama. Da na buga lissafi sai na ga albashina da tankin babur sun zama kishiyoyin da ba za su zauna gida ɗaya ba. Na sallami babur, na je Dutsin-Ma na sayo keke Phoenix na hannu, baƙi, mai kariya da ƙararrawa.

Uwargida ta zagaya shi ta ce, "Malam, wannan ai irin na Baba ne."

Na ce, "Shi ya sa Baba har ya tsufa bai taɓa bin layin gidan mai ba."

Hanyar tawa ta gefen ƙorama take bi, kuma da rani ba laifi. Ga inuwar gawo, ga kuka, ga 'yan lambu sun tona yashi sun kai ga ruwa suna ban ruwan tumatir da albasa. Ƙasar gaɓa tauri gare ta, keke sai gudu. Rigimar tana wurin tsallakawa. Da tayar gaba ta taɓa yashi sai ta nutse, kan keken ya juya inda ya ga dama, feda ta ƙi motsi. Keken ya ɗan tsaya ya ba ni damar zaɓar ɓangaren da zan faɗi, ni kuwa kullum dama nake zaɓa saboda sunna.

Mai facin unguwarmu ya ba ni shawara in rage iska, tayar ta baje, ta daina nutsewa. Gaskiya ya faɗa. Abin da bai faɗa ba shi ne tsidau da kashin yawo da ke jira a ɗaya hayin. Da bazara kuwa, in rana ta gasa ƙasa, tsohon faci ɗagowa yake da kansa ba tare da ƙaya ta taɓa shi ba. A hankali kuɗin da na hana gidan mai suka koma wurin mai faci. Bambancin kawai, shi yana tambayar lafiyar iyali.

Duk wannan mai sauƙi ne. Babbar jarrabawar ita ce ranar da gari ya gane cewa keke ba ya shan mai. Lokacin da nake da babur, wanda zai aike ni sai ya ɗan yi kara, ya ce ga na mai. Yanzu kuwa kafin in gama karin kumallo an yi sallama. Wannan yana da irin gero da za a kai wa suruki, waccan tana da tsarabar suna, wani kuma wayarsa za a kai caji. In na fara kame-kame sai a ce, "Haba Malam, ai ba mai kake sha ba." Ba wanda ya taɓa tambayar kwanon tuwo nawa cinyoyina ke sha.

Wata safiya cikin Agusta, tsohuwar da ke maƙwabtaka da mu ta shigo da kwando a rufe da jarkar man gyaɗa.

"Ɗan nan, ɗiyata ta haihu a ƙauyen naku. Ga zakara, ga mai. Ka bi da shi sannu, shina da zuciya."

"Inna, ina zan sa su?"

"Wancan ƙarfen na baya ado ne?"

Daren nan ko ɗigo ba a yi a Rawayau ba. Amma ƙorama ba ta jiran ruwan garinku. In an tafka shi can sama, da safe sai ka tarar da shi ya iso, ja wur, ɗauke da kara da rassan itace. Na tarar da mutane tsaye a bakin gaɓa. Samari suka ce in ba su wani abu su ƙetarar mini da keken. Na ce mutumin da ya sayar da babur don tattali ba zai biya kuɗin fito ba. Na naɗe wando, na cusa rajista cikin leda na soke a ƙirji, na saɓa keke a kafaɗa, na yi bisimilla.

Zuwa tsakiya ruwa iya gwiwa, har na fara tausayin matsorata. Sai ƙafata ta sauka inda masu tifa suka ɗebi yashi da rani. Ruwa ya kawo ƙirji. Murfin kwando ya yi gaba, zakara ya duba hagu da dama, bai ga tudun da ya fi kaina ba. Ya ture hula ya kafa farata, ya buɗe fukafukai, ya yi cara.

A gaɓa wasu dattawa biyu suka shiga muhawara.

"In ya ja shi, sai Zobe."

"Wane Zobe? Wannan ruwan Jibiya ya nufa."

"Ni za ka gaya wa? Ina da wayona aka gama dam ɗin Zobe a 1983, zamanin Shagari."

Na ce, "Baba, ku taimaka!"

"Riƙe keken da kyau, Malam, mu gama magana."

Wani saurayi makiyayi ne ya shigo ya miƙo mini sandarsa, ya jawo mu gaba ɗaya. Da na tako tudu, ba hula, ba takalmi ɗaya, jarka na reto a wuyan keke, sai na ga 'yan ajina a jere. Tarbiyya ta yi aikinta. Suka ƙame suka haɗa baki: "Gud monin sa!" Zakara ya amsa kafin ni, ya dira ya shige gonar dawa, rabin aji suka rufa masa baya. Hedimasta ya dube ni sama da ƙasa, ya miƙo littafin sa hannu, ya ce in rubuta dalilin makara a taƙaice. Na rubuta: zakara.

Da yamma na dawo ina tura keke, kaca cike da yashi tana kuka. Inna na zaune a ƙofar gida, labari ya riga ni isowa.

"Sannu ɗan nan. An ce ya isa lafiya, ko gashinsa bai jiƙe ba. Allah shi yi maka albarka."

"Amin, Inna. Ni dai na jiƙe."

"Kai ai ka bushe. Jibi suna, akwai ɗan akuya."