Nasiha Ga Wanda Aka Yi Wa Haihuwa A Injamena

Ya kai ɗan'uwa wanda Allah ya azurta da ƙaruwa, ka sani cewa tsakanin ranar da aka yi maka albishir da safiyar da liman zai ɗaga hannu a ƙofar gidanka kwana bakwai ne kacal, kuma a cikinsu, alhali kana fama da cinikin rago a kasuwar Dembe da neman goro da lallashin wanzami, wajibi ne ka zartar da hukuncin da wani bawan Allah zai ɗauka shekara saba'in ko tamanin ba tare da an nemi shawararsa ba. Saboda nauyin wannan amana na ga ya kyautu in tsara maka hanyar da mutanen zamani suke bi, don kada ka kunyata a gaban surukai.

Da farko ka kwantar da hankalinka, domin garin da kake zaune a cikinsa ma bai tsira da sunansa na yanka ba. A shekarar 1900 Faransawa suka kafa shi a bakin kogin Shari, suka raɗa masa Fort-Lamy don tunawa da kwamandansu da ya mutu a yaƙin Kusiri, ranar da abokin gabarsu Rabe ma ya kwanta dama. Sunan ya yi shekara 73 yana aiki, sa'an nan shugaba Tombalbaye ya tuɓe shi a 1973, ya tuɓe nasa François ya koma Ngarta, ya kuma matsa wa jama'a su koma ga sunayen kakanninsu. Mu Hausawan wannan gari, da yake Allah ya yi mu da basira, ba mu jira dokar hukuma ba: mun yi namu canjin da kanmu, sai dai mun fuskanci inda ya ba baya, muna gudun sunayen kakanni iyakar ƙarfinmu.

To, sunayen nan ka nisance su, gama ba su iya riƙe sirri. Mutanen da, waɗanda suka biyo hanyar Makka a ƙasa daga Kano da Katsina da Damagaram har wasunsu suka yada zango a nan, ba su da takardar haihuwa, sai suka mai da laƙabi ya zama ita. Kana jin Ɗanjuma ko Jummai ka san Juma'a ce, Ladi ta Lahadi, Balarabe na Laraba, Asabe ta Asabar. Tanko ya biyo bayan mata, Kande da Delu sun biyo bayan maza, Gambo ya tarar da tagwaye a gabansa, Azumi ta zo a Ramadan, Anaruwa kuwa ko ba a gaya maka ba ka san rufin ɗaki yana yoyo a daren. Wanda ya fi duka nauyi shi ne Ajuji, wanda uwa mai wabi, bayan ta binne 'ya'ya ɗaya bayan ɗaya, takan yi wa jaririnta don a nuna kamar ba a damu da shi ba, ko mutuwa ta kau da kai. A nan raha ba ta da wuri, sai addu'a ga matan da suka sha wannan ɗaci. Amma kai da kake son ɗanka ya zama babban ma'aikaci, yaya za ka bar shi ya shiga ofis da sunan da zai sanar da kowa cewa yayyensa duka mata ne?

Sai ka ɗauko wayarka. Ƙa'idar masu wayewa ita ce, sunan kirki shi ne wanda kakar yaro ba za ta iya faɗa ba sai an maimaita mata sau uku, kuma ba a taɓa jin sa a unguwarku ba, daga Sabangali har Farsha. Ka duba fina-finan Indiya da na Turkiyya, ka saurari abin da matan 'yan kasuwa suka dawo da shi daga Jidda da Dubai tare da turare: Afnan, Hanan, Nawal, Ilham, Aiman, Haidar, Sultan. In ka sami wanda ya yi maka zaƙi, ka yi hattara kada ka kai shi gaban malami, domin malamai mutane ne masu ɓata wa uba lissafi. Zai tuna maka cewa ya inganta a hadisi Abdullahi da Abdurrahman su ne mafi soyuwar sunaye a wurin Allah, ya ƙara da cewa ba kowace kalma mai daɗin ji da ke cikin Alƙur'ani ta dace da jariri ba, tun da Zaƙƙumu ma tana ciki, kuma itaciyar 'yan wuta ce.

Wata hanya kuma ita ce ka jira rediyo ya zaɓa maka. Wannan tana da sauƙi, illa dai tana da aibin da kake gudu a wurin Ɗanjuma, har ya fi, domin shi rana kawai yake tonawa, waɗannan kuwa shekara suke tonawa. Duk Saddam ɗin da ka gamu da shi a tashar mota kana iya rantsuwa cewa haihuwarsa ba ta yi nisa da yaƙin Gulf na 1991 ba, duk Usama kuma ka laluba wajen 2001, kuma ko kusa ba zai iya rage wa kansa shekaru a wurin neman aure ba.

Sa'an nan ka tuna cewa a Injamena suna ba ya zama mallakarka sai ya ratsa bakuna uku, kuma kowanne yana karɓar kuɗin fito. Ka raɗa Muhammadu, maƙwabcinka mai Larabcin Chadi ya ce Mahamat. Ka ce Abubakar, ya zama Abakar a titi, Habu ko Garba a cikin gida. A'ishatu ta koma Ashta a bakin ƙawaye, Indo a bakin gwaggo. Daga nan ka isa ofishin magajin gari neman takardar haihuwa, inda akawu, da tabarau a ƙarshen hanci da Faransanci a alƙalami, zai saurare ka da kunne ɗaya ya rubuta Hauwa'u a matsayin Haoua, Umaru a matsayin Oumar, ya buga hatimi kafin ka buɗe baki. Idan sunayen da aka yi shekaru ɗaruruwa ana goge su haka suke fita daga hannunsa, ka ƙiyasta abin da zai yi wa wanda ka tsinto jiya a waya. Ranar da yaron zai haye gadar Ngeli ya nufi Maiduguri karatu, sai jami'i ya duba takarda ya duba shi, ya tambaye shi su nawa ne.

In kuwa ka ce za ka huta, ka mayar da sunan mahaifinka don neman albarka, madalla, ka yi abin da ya dace. Amma ka sani daga ranar ba wanda zai sake furta shi a gidan, saboda alkunya ta hana matarka ambaton sunan surukinta, kai ma harshenka ba zai ɗauka ba. Yaron zai tashi Abba, ko Baffa, ko Walid in gidan 'yan boko ne, yarinya kuma Ummi ko Mama, har sai ranar da malamin makaranta ya kira sunan yanka yaro ya waiwaya yana neman mai shi.

Kada kuma ka zaci ka kuɓuta daga tsufa. Delu ma a zamaninta yarinya ce mai kitso da lalle da samari suke layi a ƙofar gidansu, kuma in Allah ya ja kwana, nan da shekara sittin Hajiya Hanan za ta zauna a kan tabarma tana daka goro a ɗan turmi saboda haƙora sun tafi, jikokinta suna ƙunshe dariya in an ambaci sunanta, ɗaya daga cikinsu kuma, mai digiri daga Faransa, ya tono Kande ya raɗa wa 'yarsa yana cewa asali yake nema.

Saboda haka ka zaɓi wanda ka ga dama, kaka za ta sa nata ko ka so ko ka ƙi. Abin da ke hannunka shi ne rago, kuma a nan ne jama'a za su auna ka: ka sayi mai ƙiba, ka sa a fara da wuri kafin rana ta yi zafi, kuma kada ka manta da aiko mini da goron gayyata. Allah ya raya, ya kuma ba mai jego lafiya.