Yadda Za Ka Riƙe Tsohon Babur a Lafia Ba Tare da An Ce Talauci Ne Ba

A Ingila ko Italiya, in mutum ya fito da babur ɗin da aka ƙera a 1970, taruwa ake yi ana ɗaukar hoto, ana kiran sa mai adana tarihi. A Lafia kuwa, maƙwabci ne zai ja ka gefe, ya sassauta murya ya ce, "Malam, lafiya dai ko? Ko albashin ne bai shigo ba?" Babur a wurinmu kayan aiki ne. Bajaj ne ke ɗauko doya daga Agyaragu, ya ɗauko buhun riɗi daga Doma, ya kai yara huɗu makaranta kafin a buga ƙararrawa. Saboda haka duk wanda ya ce zai riƙe tsohon babur don sha'awa, aiki biyu ne a gabansa: ya sa babur ya tashi, sannan ya sa jama'a su yarda cewa da gangan yake yi. Na biyun ya fi wuya. Ga shawarwari, kyauta, domin kuɗinka na da inda za su tafi.

Na ɗaya: zaɓi wahalar da ta dace da kai

Ba kowane babur da ya tsufa ne ya zama na tarihi ba. Jincheng ɗin da ya gama acaɓa a hannun mutum bakwai tsufa kawai ya yi, ka ƙyale shi ya huta.

In kai mai son girma ne, nemi Honda CD175 ko ƙaninsa Roadmaster, mai salansa biyu, wanda hedimastoci da malaman gona suka hau bayan kuɗin ƙarin albashi na Udoji sun faɗo a 1975. In kai mai son kwalliya ne, ga Vespa, wadda kamfanin Piaggio ya fara ƙerawa a Italiya a 1946. Tana da wurin ajiye ƙafa mai faɗi, babbar riga ba ta shiga taya, ga tayar safaya a kwankwaso. Sai dai injinta a gefen dama yake, giyarta kuma a hannun hagu, don haka makon farko hannunka da ƙwaƙwalwarka ba za su yi shiri ba.

In kana son zaman lafiya, ɗauki Honda Cub, kakan duk wata roba-roba da ke yawo a gari. Tun 1958 ake yin sa, a 2017 kuma adadin da aka ƙera ya kai miliyan 100, abin da ke nufin ba kai kaɗai ne mai matsalar ba. In kuwa so kake unguwa ta san fitarka da shigarka, Suzuki A100 ko Yamaha YB100 za su yi maka wannan aiki da ƙara da hayaƙi, har sauron layinku ya yi ƙaura.

Akwai kuma Honda CG125 na 1975. Injiniyoyin kamfanin sun zaga ƙasashen Asiya, suka tarar ana yi wa babur lodin da ya fi ƙarfinsa, ba a kuma canza baƙin mai sai inji ya fara kuka, sai suka ƙera wanda zai jure wannan hali. Ba su zo Lafia ba, amma halinmu suka rubuta.

Na biyu: riga 'yan gwangwan isa zaure

Tsohon babur na gaske ba a shago yake ba. Yana zauren wani dattijo ɗan fansho a Bukan Sidi ko Tudun Gwandara, ƙarƙashin tsohuwar tabarma, kaza ta mai da sirdinsa wurin ƙwai. Abokan takararka su ne 'yan gwangwan, masu auna tarihi da sikeli. Ka riga su.

In ka isa, kada ka nuna zumuɗi. Ka gaida Baba, ka tambayi iyali da jikoki, ka saurari labarin yadda ya je Makurdi da shi ya dawo a yini guda. Zai ce maka, "Ɗana, lafiya ƙalau na ajiye shi, fulogi kawai za ka sa." Kada ka musa wa babba. Ka dai sani cewa tun zamanin Shagari ake neman wannan fulogin.

Abu huɗu za ka duba. Taka kik a hankali: in ya sauka da ɗan nauyi, inji na da rai, in ya ƙi motsi sam, fistin ya kama, in ya faɗi ba turjiya, ka fara lissafin fistin da ringi. Leƙa cikin tanki da tocila ka ga yawan tsatsa. Duba firam ko an taɓa yi masa walda a wuya. Sannan ka gwada lambar inji da ta firam da abin da ke cikin takardu, don kada sha'awa ta kai ka bayan kanta.

Takardun ma abin kallo ne. Babur ɗin da aka saya a Lafia a 1975 ɗan Jihar Binuwai-Filato ne, a 1976 ya wayi gari a Jihar Filato, a ranar 1 ga Oktoban 1996 kuma ya zama ɗan Nasarawa. Jiha uku ya zauna bai bar zaure ba. Ka sabunta masa lamba da takardu, domin jami'in da zai tare ka a shataletale ba darasin tarihi ya fito saurare ba.

Na uku: shawo kan uwargida

Kada ka kawo shi gida da rana a bayan Keke. Kada kuma ka faɗi ainihin kuɗin. Wannan ba ƙarya ba ce, domin kai ma ba ka san ainihin kuɗin ba tukuna. Abin da ka ba Baba kafin alƙalami ne kawai.

Za ta tsaya ta ƙare masa kallo ta ce, "Maigida, wannan kuma na ɗaukar tuwo ne ko na ɗaukar magana?" Ka amsa cikin natsuwa cewa da tsohuwar zuma ake magani. Za ta ce ita ba ta ga zuma ba, baƙin mai ta gani yana ɗiga a tsakar gidan da ta share. A nan ka yi shiru, ka samo tsohon faranti ka tara a ƙarƙashin inji. Ka kuma tabbata kuɗin cefane bai taɓa raguwa a ranar da ka sayi taya ba. Ranar da hakan ta faru, babur ya zama kishiya, kuma ba kai za ka yi nasara a wannan shari'a ba.

Na huɗu: nemi bakanike mai furfura

Yaron garejin da ya tashi a kan Bajaj zai leƙa injinka ya tambayi inda akwatin wuta yake. Babu shi. Yawancin waɗannan tsofaffi da kwantak suke ba da wuta, ɗan ƙarfe mai buɗewa da rufewa, wanda ratarsa ba ta wuce kashi uku zuwa huɗu cikin goma na milimita ba. Wanda ya san wannan shi ne dattijon nan da ke zaune ƙarƙashin mangwaro, mai saita rata da ido da takardar kwalin sigari.

In ka same shi, ka riƙe shi da hannu biyu. Ka kira shi Baba ko Oga, ka riƙa kai goro, ka je sunan jikokinsa. In ya ce "dawo gobe", kada ka tambaya wace goben. Kada kuma ka kuskura ka kai babur wurin wani a ɓoye; zai gane daga yadda aka ɗaure noti, kuma zai yi fushin da sai an haɗa da limami.

Duk da haka, koyi abu uku da hannunka: wanke fulogi, kwance kafireto ka hure jet, da ɗaure sarƙa ta yadda za ta riƙa ɗan lilo kamar faɗin yatsa biyu. Ka ajiye sifanar fulogi, filaya, sukundireba da fulogi biyu a jikin babur kullum. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Na biyar: farautar kayan gyara

Mai shago zai ce maka, "Oga, babu, amma zan aika Nnewi." Gaskiya ya faɗa, domin kasuwar Nkwo ta Nnewi a Jihar Anambra ita ce cibiyar kayan babur a ƙasar nan. Abin da bai faɗa ba shi ne yaushe. In kayan ya iso, za a jera maka iri uku: orijina, mai bi masa, da wanda zai kai ka gida kawai. Sayi na farko in aljihu ya yarda, araha ba ta ado.

Dabarar manya ita ce sayen babur na biyu irin naka, matacce, don cire kaya. Hatsarin dabarar shi ne wata rana za ka dube shi ka ji tausayi, ka ce ai shi ma zai iya tashi. Daga nan sai na uku. Haka ake zama mai gidan tarihi ba tare da an shirya ba.

Na shida: ci da sha

Injin Vespa da na Suzuki da Yamaha da muka ambata ba sa ajiye baƙin mai a ciki kamar na Honda. Ƙona shi suke tare da fetur, shi ya sa suke hayaƙi. Yawancin Vespa kashi 2 cikin 100 suke so, wato mililita 20 a kowace lita. Suzuki A100 da Yamaha YB100 suna da ɗan tankin mai na daban da famfon da ke aunawa, in dai wani gwani bai cire shi ba tun 1988. In an cire, kai ne famfon. Ka manta sau ɗaya, inji ya buga, ka dawo mataki na huɗu da goro.

Honda Cub kuwa bai cika shan lita ɗaya ta baƙin mai ba, kuma ba shi da matatar takarda irin ta mota, don haka ka riƙa canzawa a kai a kai, musamman bayan ƙurar hunturu. Tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, kowa ya koyi lissafi. Ka sani mai hayaƙi ya fi Honda shan mai. In dole ta kai ka ga 'yan bumburutu, tace man da ƙyalle mai tsabta, sai dai in kana marmarin kwance kafireto a bakin titi cikin zafin watan Maris.

Na bakwai: ladubban tayarwa

Buɗe mai. Ja cok in da sanyin safiya. Taka kik sau biyu a hankali, sannan ka kunna makulli ka taka da niyya. In Vespa ce ta yi gardama, kwantar da ita ta gefen inji na ɗan lokaci, kamar yadda magabata suka yi, sannan ka sake gwadawa.

Ga ƙa'idar da ba ta cikin littafin kamfani: yawan 'yan kallo, yawan gardama. Babur ɗin da ke tashi bugu ɗaya a tsakar gida zai ƙi tashi a ƙofar masallacin Juma'a, ko a gidan surukai. Don haka ka riƙa ajiye shi nesa kaɗan, kan gangara, fuska na kallon ƙasa. In an tambaya, ka ce inuwa kake nema masa.

Na takwas: san hanyar da ta fi ƙarfinka

Fara da zagayen gari da sassafe, daga titin Shendam zuwa titin Jos, kafin Keke su cika hanya. In kun saba, gwada Doma. In ka je Doma ka dawo bai mutu ba, ka yi sadaka, sannan ka fara tunanin Keana ko Assakio.

Hanyar Akwanga kuwa, duk da an mai da ita tagwaye, tudun nan da direbobi ke kira Many Have Gone ba wurin gwajin birkin da ya girme ka ba ne. Birkin waɗannan babura na ganga ne, shawara yake ba taya ba umarni ba, musamman in ya sha ruwan damina. Ka bar rata mai yawa tsakaninka da na gaba, ka bar wa tirela hanyarta. Kada ka yi dare, domin yawancinsu wutar bolt 6 gare su, fitilar ba ta nuna maka rami sai dai ta nuna wa rami kai.

Sa hular kwano ta gaske. Lokacin da hukumar kiyaye haɗura ta fara tilasta sa ta a Janairun 2009, an ga masu kifa ƙwarya a ka. Ƙwarya ta fura ce. Kayan gyaran babur ana aikawa Nnewi, na kai kuwa ba a san kasuwarsa ba.

Na tara: yadda ake turi cikin mutunci

Za ka tura. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Bambancin mai sha'awa da wanda mai ya ƙare wa a fuska yake. Wanda mai ya ƙare wa yana sunkuyar da kai yana zufa. Kai kuwa ɗaga kai, rage sauri, riƙa gaida mutane ɗaya bayan ɗaya. In ɗan acaɓa ya tsaya ya ce, "Baba, in tokara maka da ƙafa?", ka gode masa ka ce likita ne ya ce ka riƙa motsa jiki. In ka sha kwana, ba mai ganinka, ka kira shi ya dawo.

Tsabta ita ce babbar shaidarka. Tsohon babur mai datti alamar babu ce, mai ƙyalli kuwa alamar ra'ayi. Ka goge shi kullum, ko da bai tashi ba tun Sallah. Ka bar masa fentinsa na asali, kada ka lulluɓe shi da sitika da fitilu masu walƙiya. In wani ya ɗaga maka hannu a bakin titi ya ce kasuwa za shi, ka yi murmushi ka wuce. Ranar da ka karɓi naira ɗari biyu, duk wahalar da ka sha ta bayani ta rushe.

Na goma: in an zo saye

Wata rana wani mai kuɗi daga Abuja zai tsaya da jibgegiyar mota ya taya. Ka ce ba na sayarwa ba ne, da ƙarfi, yadda duk majalisa za ta ji, domin wannan ce ranar da unguwa za ta gaskata cewa ba talauci ba ne. Bayan ya juya, ka bi shi a hankali ka karɓi lambar wayarsa, ka adana ta inda uwargida ba za ta gani ba. In ta gani, kafin ka dawo daga sallar La'asar an gama ciniki, har ta ba shi matattun biyun nan gyara.