Jinjina Ga Waɗanda Suka Feɗe Giwa

Dole a sara wa mutanen da suka riƙe Nigeria Airways. Ba kowane gwani za a damƙa wa kamfani mai jirage kusan 30, kuɗin fetur na kwarara, alhazai na cika kujeru duk shekara daga Kano zuwa Jidda, ya iya ganin bayansa ba. Aiki ne mai son naci, kuma sun nace.

An kafa shi a 1958, aka yi masa tambarin giwa mai fukafukai. Madalla da wannan zaɓi, don giwa akwai nama, duk wanda ya zo da wuƙarsa sai ya koma gida da rabonsa. Ga karamci: manya da iyalansu su hau ba ko sisi. Ga kula da lafiyar talaka: a sayar da tikiti ya fi kujeru yawa, dattijo ya tattare babbar riga ya sheƙa da gudu zuwa bakin jirgi, jini ya motsa. Wanda bai samu wuri ba ya kwana a filin jirgi yana koyon haƙuri, kyauta.

A 1979 an ɗauko Turawan KLM su gyara tafiyar. Shekara biyu suka yi suka koma Holan, muka ci gaba da abin da muka iya.

Da aka kafa kwamitin Mai Shari'a Obiora Nwazota ya binciki inda dukiyar ta shiga, ya miƙa rahoto, sai aka nuna halin dattako: aka bar rahoton yana shan ƙura. A 2003 jiragen suka daina tashi, bashi ya yi katutu. Matuƙa da injiniyoyi da masu share jirgi kuwa, don kada kuɗi ya ruɗe su, aka bar su suna jiran cikon haƙƙinsu har 2018 kafin a sake waiwayar su da wani kaso. Da yawansu sun riga mu gidan gaskiya suna jira, sun sauƙaƙa wa baitulmali.

Habasha, da ba ta da rijiyoyin fetur irin namu, ta ɓata lokacinta tana rainon Ethiopian Airlines. Ai ga amfaninta: a watan Mayun 2023, ana saura kwanaki gwamnati ta sauka, muka samu inda za mu aro jirgi ɗaya, aka shafa masa fentin sabon kamfanin da aka ce za mu kafa, Nigeria Air, aka sauke shi a Abuja, aka sha hotuna, ya koma wa masu shi.