Yadda katako ya samu sakamako iri-iri a asibiti

Mai ciwon daji daga Argungu ko Birnin Kebbi, in likita ya ce sai an yi masa gashi, Sakkwato yakan nufa, asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wani lokaci har Shika a Zariya. Kafin gashi ana ɗaukar hoton CT, likita ya zagaye ƙarin da layi don na'ura ta san inda za ta ƙona. Daga irin wannan hoton wani fannin bincike ya tsiro, radiyomiks, wanda Philippe Lambin da abokan aikinsa na Maastricht suka yayata a 2012. Kwamfuta ke bin ɗigo-ɗigon hoton ta fitar da lambobi ɗaruruwa: girman ƙarin, siffarsa, kaushinsa, yadda haske da duhu suka cakuɗa a ciki. Fatan shi ne lambobin su nuna wanda gashi zai yi wa aiki.

Amma awo yana da sharaɗi. Giwan ruwan da aka fito da shi daga kogin Matan Fada na Argungu, in an sauke shi daga sikeli aka sake ɗorawa, nauyin ɗazu ake sa ran gani. Ba a san kifin da ya yi ƙiba tsakanin awo biyu ba. A hoton asibiti kuwa an san irinsa.

A asibitin Memorial Sloan Kettering na New York an ɗauki masu kansar huhu 32 hoto sau biyu, na'ura ɗaya, tsakani bai wuce minti 15 ba. Ƙari ba ya girma cikin minti 15. Masu bincike sun yi ta gwada lambobinsu a kan hotunan nan, wasu lambobin suka tsaya kan maganarsu, wasu suka canza.

Sai a 2015 masanan MD Anderson a Houston suka cire ɗan Adam daga lissafin gaba ɗaya. Suka haɗa akwati mai ɗauke da roba, katako da abin toshe kwalba, suka yi ta sa shi a na'urorin GE, Siemens, Philips da Toshiba. Katako ba ya numfashi, ba ya motsi, ba ya jin tsoron na'ura. Duk da haka, a wasu lambobin, bambancin da aka samu tsakanin na'urori ya kai bambancin da ke tsakanin ƙarin wannan majinyaci da na wancan. Dalilan sanannu ne: kaurin yankan hoto, ƙarfin haske, lissafin da kowane kamfani ke haɗa hotonsa da shi. A jikin mutum kuma sai a ƙara hannun likitan da ya ja layi.

Binciken da ya fi tsaya mini a rai shi ne na 2019. Akwai wani shahararren ma'auni na 2014, da aka tace daga lambobi 440 a binciken majinyata 1,019. Masu bincike a Toronto suka hargitsa ɗigon da ke cikin ƙarin, suka bar iyakarsa kawai, ma'aunin ya ci gaba da hasashe kusan kamar da. Ashe girman ƙarin yake aunawa, abin da likitoci suka daɗe suna aunawa.

An fara gyara. A 2020 ƙungiyoyin bincike 25 suka daidaita yadda ake lissafa lambobi 169. Wannan ya gyara lissafin kwamfuta, na'urorin kuwa suna nan da halinsu.

Shi ya sa lamarin ya shafe mu. Majinyacinmu kan yi hoto a wani gari, a yi masa gashi a wani, ya koma bibiya a na uku. Ranar da irin waɗannan ma'aunai za su shigo asibitocinmu, dole a fara gwada su a kan na'urorinmu da mutanenmu. Kafin nan, a riƙa bai wa majinyaci faifan hotonsa tare da fim ɗin, domin a faifan ne ake samun sunan na'ura da kaurin yankan, kuma ba a fitar da waɗannan lambobi daga fim ɗin da ya kwana cikin ambulan.