Bawana Bakano a Zauren Inabi

Alhaji, bawana na Kantin Kwari, ga gaisuwa, duk da dai bawa ne ya kamata ya fara gaida ubangida. Labari ya shigo mana ta Ƙofar Doka cewa kana bin rumfuna kana bugun ƙirji, wai ka zo Birnin Zazzau ka koya wa Zagezagi yadda ake ɗanɗanon inabi. Da ka yi shiru da na rufa maka asiri. Tunda ka kai maganar kasuwa, bari in warware wa jama'a zare da abawa.

Ku Kanawa kun ɗauka inabi a cikin ɗan akwatin roba yake tsirowa, da tambarin Afirka ta Kudu a manne. Alhali nan arewa da mu kaɗan, a ƙasar Kudan, wajen Hunƙuyi, gonakinsa ne reras, an ɗora shi bisa rumfunan waya da sanduna. Mangwaro da ayaba kuna tsinke su ɗanyu ku turbuɗe a buhu su nuna a 'Yan Lemo, amma inabi ba ya yarda da wannan dabara. Ranar da aka yanke shi, ranar zaƙinsa ya tsaya. Shi ya sa da kawuna ya kusa yanka, ya tsinko kaɗan daga kowane ɓangaren gonarsa, ya tara mu a zaurensa na Kwarbai bayan la'asar, don a ji wanne ya kai, wanne da saura. Aiki ne aka kira mu, kai kuwa walima ka zo.

Tun kana bakin ƙofa aka san ka iso, don turarenka ya riga ka shiga. Ga goro dam a kumatu. Baba, wato kawun nawa, ya ɗago ya dube ka, ya ce, "Alhaji, hancin ka toshe, harshen ka ɗaure, da me za ka ɗanɗana?" Ka yi dariya, ka ɗauka zolaya ce, alhali karatu ne. Harshe abu biyar kawai yake rarrabewa: zaƙi, tsami, ɗaci, gishiri, da wannan garɗin romo da daddawa wanda wani masani ɗan Japan, Kikunae Ikeda, ya gano tushensa a 1908. Yawancin sauran ɗanɗanon da mutum yake ji a baki aikin hanci ne. Wanda mura ta taɓa kamawa ya zauna gaban miyar kuka ya san wannan.

Aka miƙo faranti. Dattawa suka riƙa cire ƙwaya daga can ƙarshen nonon inabin, don ita ce ke makara wajen zaƙi, in ta yi to saura sun yi. Su ciza, su tsaya, su tauna ɓawon daban, su ji ƙwallon, sannan su kurkure baki kafin na gaba. Kai kuwa ka zaɓo manyan na sama, ka goge farin da ke jikinsu da bakin riga kana mitar ƙurar Zariya, ba ka san wani ɗan kakin kariya ne da inabin ke fitarwa da kansa ba. Ka watsa biyar a baki lokaci guda. Aka ce, "Alhaji, me ka ji?" Ka ce, "Nawa kuke ba da kwali?"

Ashe da shirinka ka zo. Da ka ji an ce ɗanɗanon inabi, sai ka kwana kana kallon Turawa a waya suna nasu na giya, wanda Allah ya raba mu da shi, don cikin ganuwar nan ko warinta ba a ji. Da aka kawo ruwan inabin da aka matse a take, ka nemi kofin gilashi, ka ɗaga shi saitin ƙofa kana ƙanƙance ido, ka hau jujjuya shi. Su can kaɗan suke zubawa, kashi ɗaya cikin uku ma bai kai ba, don ƙamshin ya sami wurin tashi. Kai ka ce a cika maka, ba ka son asara. Rabin kofin ya ƙare a kan farar shaddarka. Da yaron nan mai karatun noma a Samaru ya gaya maka cewa ƙwararrunsu ba sa haɗiyewa, kurɓa suke yi su tofar a wani kasko, har miƙewa ka yi: "A biya kuɗi, a tofar? Yo waɗannan ai a ɗaure su!" Wannan kam ko hukumar Hisba ba ta kai ka zafi ba.

Daga nan ne yara suka ga wuri. Suka leƙa cikin gida suka ɗebo zoɓo, ba citta ba kanumfari, sukari kawai, suka ce na wata gona ce ta musamman da ake kai wa manya a Abuja. Ka shinshina, ka lumshe ido, ka kurɓa, ka ce wallahi tallahi wannan ne inabi, sauran duk wasa ne, ko nawa ne a ware maka. Zoɓo fa, Alhaji! Wanda kuke lodawa buhu-buhu a Dawanau ana kai wa har Meksiko. Hajarka ce ta shigo da baƙon suna ka kasa gane ta.

Kar ka ji kunya da yawa, kana da 'yan'uwa a Faransa. A 2001 masu bincike a Jami'ar Bodo, cikinsu har da Frédéric Brochet, suka ɗauki farar giya suka rina ta ja da launi mara wari, suka ba ɗalibai 54 masu koyon wannan fanni. Ɗaliban suka shiga siffanta ƙamshinta da kalmomin da ake siffanta jar giya da su. Ido ne ya yanke hukunci, hanci ya bi. Kafin nan, ranar 24 ga Mayu 1976, wani ɗan kasuwa Bature ɗan Ingila, Steven Spurrier, ya tara alƙalai Faransawa tara a birnin Faris, aka ɓoye sunayen kwalabe. Da aka buɗe sakamako, na Kalifoniya ta Amurka ne suka zo na ɗaya, fari da ja. Ɗaya daga cikin alƙalan har ta nemi a mayar mata da takardarta. Su suna ne ya saba yi musu jagora, kai kuma farashi. In aka ce abu na da tsada, harshenka sai ya rusuna.

Abu guda zan yaba maka, don kada a ce Bazazzagi ba ya adalci. Da ka tauna ɓawon baƙin inabin nan ka yamutsa fuska ka ce yana da bauri kamar bagaruwa, Baba ya gyaɗa kai. Gaskiya ka faɗa ba ka sani ba: sinadarin da ke ɗaure baki a ɓawo da ƙwallon inabi danginsa ne ke cikin bagaruwar da majemanku ke jeme fata da ita tun zamanin da ake kai jar fatar Kano ƙetaren Sahara. Gurasar da ka taho da ita a leda ma ta yi rana, da ita muka riƙa share harshe tsakanin faranti da faranti. Ka ce mu masu shan fate, ka ce ba mu raba mace da namiji a magana, duk mun ji. Amma mun raba zoɓo da inabi.

Shaddarka tana nan, an wanke jan ya ƙi fita. Shawarar Baba ita ce a kai ta marinar Ƙofar Mata a tsoma a baba, tunda wannan ɗin dai kun iya. Ka aiko yaro ya karɓa, ka haɗo shi da kuɗin sharata na bara da ka danne, da kuɗin zoɓon da ka yi ciniki a gaban shaidu.