Yadda Kunun Aya Ya Yi Yawon Sallah a Abuja

Daga Kano zuwa Abuja tafiyar kilomita 400 ce da ɗoriya, ta Zariya da Kaduna. Maigidan da ya yi wa yara alkawarin kai su wurin lilo a hutun Sallah yakan lissafa kuɗin mai da na masauki da na tikiti, ya manta da babban ramin, wato cikin yara. Yaro na saukowa daga lilo idonsa ke faɗawa kan mai gurguru da mai askirim, kuma farashin cikin irin waɗannan wurare ba na kasuwar Sabon Gari ba ne.

Yayana bai manta ba. Akanta ne, mutumin da ke rubuta kuɗin ashana a littafi. Ya zauna da biro, ya buga ya buga, ya yanke hukunci cewa ko ruwa ba za a saya a Abuja ba. Ni kuwa an tafi da ni a matsayin ɗan dako.

Uwargidan Yaya ta kwana a kicin: dafa-duka cike da kula, alale, soyayyen kifi, sai kunun aya mai dabino da kwakwa a robobin lemo, an murɗe murafen tam. Yaya ya daskarar da ruwan leda ya jera a ƙasan babbar kula. Wannan dabara ce mai kyau, gara a ba shi haƙƙinsa, don ƙanƙarar na riƙe sanyi, in ta narke kuma a sha.

Ana shirin tashi sai ga Hajiyarmu da tsohuwar jakar bakko. Dambun nama, garin kwaki, ƙuli-ƙuli, sukari, madarar gari, dakuwa, da yaji a gwangwani.

"Hajiya, Abuja fa za mu, ba Makka ta ƙasa ba," in ji Yaya.

"Allah ya tsare hanya. Sa a but dai."

Masaukin da aka kama yana da firiji, kamar yadda aka yi alkawari a waya. Sai dai bai fi akwatin rediyo ba, kuma robar kunu biyu ta cika shi. Bayan isha'i aka ɗauke wuta, janareto ya yi 'yan awoyi ya kwanta, firiji ya bi shi.

Hukumar Lafiya ta Duniya tana gargaɗin kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye ba sanyi ba wuta, domin tsakanin digiri 5 da 60 a ma'aunin Salshiyos ne ƙwayoyin cuta ke hayayyafa. Shinkafa tana da nata maƙiyin, Bacillus cereus, wanda ƙwayayensa ke tsira daga tafasa, kuma gubar da yake saki ba ta jin ɗumame. Sallar nan ta faɗo a bazara, lokacin da zafin Abuja ke haura digiri 35. Da gari ya waye alale ya fara yauƙi, dafa-duka tana wani ƙamshi da ba na kori ba.

"Abban yara, shinkafar nan fa ta juya," in ji uwargida.

"Wace irin juyawa? Tumatir ne." Ya kai cokali baki don kafa hujja, ya ƙara wani don kafa mulki.

A ƙofar wurin wasan mai gadi ya ce ba a shiga da abincin waje, ƙa'idar da wurare irin wannan da yawa ke bi. Kula ta koma but, mota na tsakiyar rana. Kunun aya kuwa ba ya son raini. Ga zaƙi, ga ɗumi, ga murfi a rufe: sai ya fara tsami yana tara iska a cikin roba.

Yaya ya hau lilon nan mai juyawa da autansa. Ya hau yana ɗaga wa uwargida hannu, ya sauko yana tambayar ma'aikaci ina bayi.

Da azahar aka fito cin abinci a inda ake ajiye motoci. Yaya, da ya ɗan farfaɗo, ya ce kunu ne zai daidaita masa ciki. Robar ta kumbura har ba ta iya tsayuwa da gindinta. Uwargida ta buɗe baki za ta yi magana, shi kuma ya riga ya murɗa. Murfin ya yi sama, kunu ya wanke sabuwar shaddarsa da hularsa zanna bukar, ya shiga kujerun baya, ragowar ta sauka a gilashin motar wani bawan Allah da ke kishingiɗe a ciki. Yara suka yi ta tafi, sun ɗauka yana cikin wasannin da aka biya.

Nan aka tuna da jakar bakko. Duk abin da ke cikinta an riga an kore masa ruwa, shi ya sa bai san da zaman firiji ba. Dambu an dafa shi, an daka, an soya har ya bushe. Gari an tsane rogonsa an toya. Ƙuli an matse mansa an sake soyawa. Irin guzurin da alhazai ke tafiya da shi ke nan. Ruwan ledar Yaya da sauran sanyinsa, aka jiƙa kwaki da sukari da madara, aka marmasa ƙuli a kai. Na tsallaka titi na sayo burodi, aka cusa dambu a tsakiya, aka barbaɗa yaji. Yaran da a gida ke yatsina fuska in sun ga kwaki har da lashe kofi.

Washegari aka shimfiɗa tabarma a Millennium Park, lambun da Sarauniya Elizabeth ta Biyu ta buɗe a 2003. Ayaba da lemu daga bakin hanya, sardin na gwangwani, dakuwa, da kankana guda da ba a yanka ba sai da za a sha. Firiji an bar masa ruwa kawai, aikin da ya iya.

Kuɗin wankin mota da na shadda Yaya ya rubuta su a ƙarƙashin "abinci". Muna wuce dutsen Zuma Hajiya ta kira.

"Ya hanya? Ya kunun ya yi?"

"Hajiya, sabis ba kyau, sai mun iso."