Gaisuwar Shekara Dubu Hamsin

A watan Nuwamban 1974, masanin taurari Frank Drake da abokan aikinsa suka aika saƙo sararin samaniya daga katafaren faifan rediyo na Arecibo da ke Puerto Rico. Saƙon bai kai minti uku ba. Aka cusa masa lambobi daga 1 zuwa 10, da zanen ɗan Adam, da jerin duniyoyin da ke kewaya rana, aka nufi wani gungun taurari mai suna M13, ko akwai mai hankali a can da zai amsa sallama.

Sai dai tafiyar haske zuwa can kusan shekara 25,000 ce. Dawowar amsa, wata shekara 25,000.

Allah ya so ba Bahaushe aka ba wa aikin ba. "Ina kwana?" da "Lafiya lau" kaɗai sun ci shekara 50,000. Ba a tambayi gajiya ba, ba a tambayi iyali ba, balle a ce ya muka ji da sanyi. Kafin a zo ga abin da ke tafe da mu, taurarin ma sun gaji.

Shi kuwa faifan Arecibo bai jira amsar ba, ya rufta a Disambar 2020. Mai jiran amsa, Allah ya ba da haƙuri.